Inji Na Goma Sha Uku

Sufeto yana cikin ɗiga maganin ido wayar teburinsa ta yi ƙara. Bai ko motsa ba. Maganin nan in ya shiga ido sai ya yi kusan kwata yana gani dishi-dishi, ga zafi kamar an zuba barkono, don haka ya saba jingina kai ya rufe ido har abin ya lafa. Shekara ashirin da tara yana aikin ɗan sanda, bai taɓa jin wayar ofis ta kawo labarin da zai lalace don an jira minti goma sha biyar ba.

Sajan ce ta ɗauka. Ta saurara, ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta ajiye.

"Yallaɓai, sata ce. Wani kamfani ne aka sace musu mabuɗi."

"Su sayi sabon kwaɗo."

"Sun ce ba irin wannan ba ne. Na kwamfuta ne, wai a gajimare yake."

Sufeto ya buɗe ido ɗaya ya dube ta, ya ga ba wasa take ba. Ya yi tsaki, ya lalubi hularsa. Ranar Laraba ce, kuma tun safe gwiwarsa ta hagu take gaya masa ba za su shirya ba yau.

Kamfanin yana hawa na uku, na'urar hawa kuwa ta lalace, kamar yadda take lalacewa a duk ginin da aka kira Sufeto. Aikinsu ɗaya ne: ɗakunan gwaje-gwaje na asibitoci su turo sakamakon jini da fitsari, majiyyaci ya buɗe wayarsa ya gani. A ranar dai babu wanda ya ga komai, don tun ƙarfe takwas aka rufe shafin.

Manaja ya tare su a bakin ƙofa, matashi ne mai taye, zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Ya miƙo ambulan mai ruwan ƙasa.

"A ƙarƙashin ƙofata na tsince shi da safe, Yallaɓai."

A ciki akwai ɗan filash baƙi da takarda mai layi ɗaya da aka buga da firinta: *Taskarku a buɗe take.*

"Me ke cikin filash ɗin?"

"Mabuɗinmu na sirri. Abin da bai kamata ko ni in taɓa gani ba."

"Ka yi min bayani kamar kana yi wa kakanka," in ji Sufeto, ya jawo kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

Manaja ya kira wani injiniya da suke ce wa Dogo, shi ya fi iya baki. Dogo ya ce kamfanin yana da kwamfutoci goma sha biyu da ba wanda ya taɓa ganinsu da ido, haya suke yi a wata cibiya mai nisa, abin da ake kira gajimare ke nan. Kowane inji yana buƙatar takardar shaida, wadda za ta tabbatar wa wayar majiyyaci cewa da kamfanin take magana ba da ɗan damfara ba. Takardar tana da mabuɗin sirri. Duk wanda ya mallaki mabuɗin zai iya buɗe shafin ƙarya, waya ta yarda da shi, mutane su zuba masa sirrin lafiyarsu.

"Ina ake ajiye shi?"

"A taska. Ita ma a gajimaren take. Mutum ba ya ɗauka da hannu. In an gina sabon inji sai a gabatar da shi ga taskar, ita ce za ta ɗora masa takardar da kanta."

"To ta ina ɓarawo ya shiga?"

Dogo ya ɗauko takardu huɗu da ya riga ya buga. Rajistar taskar ce, mai rubuta duk wanda ya taɓa ta da lokacin da ya taɓa. Ya sa yatsa a wani layi.

"Jiya Talata wani ya gina inji na goma sha uku. Ya gabatar da shi, taska ta ɗora masa takarda, ya kwafe mabuɗin daga cikinsa, ya goge injin. Ya fara goma da minti talatin da huɗu, ya gama sha ɗaya da ashirin da shida."

"Wa?"

Dogo ya mayar da ido kan takardun. Manaja ne ya amsa, da sauri, kamar mai tsoron kada a riga shi.

"Sunan Mai Taska ne a rubuce. Ita kaɗai ke da izinin gabatar da inji, kuma ba a shiga da sunanta sai an soka wa kwamfuta ɗan makullin da ke rataye a wuyanta."

Ɗakin injiniyoyin tebur uku ne. Na Dogo yana bakin taga. Na tsakiya na Mai Taska ne, mace 'yar kimanin shekara talatin, da tabarau, da zanen goyo a ninke a bayan kujerarta. Na kusa da ƙofa na wani dattijo ne mai furfura da kowa ke kira Baba, wanda ya kafa wayoyin kamfanin tun yana ɗaki ɗaya.

"Malama, makullin nan yana barin wuyanki?"

"A'a, Yallaɓai."

"Ko sau ɗaya?"

"Doka ta hana. Wanda ya bar shi korarsa ake yi."

"Jiya da ƙarfe goma da rabi kina ina?"

"A teburina."

"Ke kika gina injin?"

"Wallahi ban gina ba."

Dogo ya ce shi ma yana teburinsa amma kunnuwansa a toshe suke da waƙa, bai lura da komai ba. Baba ya ce yana ta shige da fice tsakanin nan da ɗakin tsofaffin injuna. Manaja ya ce ma'aikatansa duk tsintsiya maɗaurinki ɗaya suke, ba mai ƙorafi, ba wanda za a sallama.

Kafin Sufeto ya gama rubutu wayarsa ta yi ƙara. Shugaban ofis ne. Masu asibitoci sun dame shi da kira, yana son a tsare wadda sunanta ya fito, fayil ya tafi kotu ranar Juma'a da ƙarfe sha biyu. Sufeto ya so ya ce a dakata. Sai ya tuna matakalar hawa uku, da fayil goma sha ɗaya da ke jiransa, da cewa musu da shugaba bai taɓa ƙara masa komai ba sai ciwon kai. Ya ce, "To, Yallaɓai."

Mai Taska ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jakarta, ta tsaya gaban teburin dattijon.

"Baba, don Allah ka kira min Abban yarinya, ya zo ya ɗauke ta a hawa na ƙasa."

"Zan kira, 'yata," in ji Baba, bai ɗago kai ba.

Washegari da safe Sufeto ya tarar da wani mutum a kan bencin ofis, da jaririya a kafaɗa da jakar kayan yara a tsakanin ƙafafunsa. Mijin Mai Taska ne, malamin makaranta. Idanunsa sun nuna bai runtsa ba. Sufeto ya amsa gaisuwarsa a gajarce ya wuce, don ba ya son haɗa ido da dangin waɗanda ya sa hannu aka tsare.

Yana cikin juya takardu huɗun nan, waɗanda ba ya fahimtar rabinsu, jaririyar ta tsandara kuka. Kuka ne na gaske, irin wanda ke ratsa bango. Ya fito.

"Malam, lafiya?"

"Yunwa ce, Yallaɓai. Ta ƙi kwalba. Lokacinta ne ya yi, ita ba ta san an tsare kowa ba."

"Wane lokaci?"

"Goma da rabi. Akwai ɗakin reno a hawa na ƙasa a ginin su. Kullum goma da rabi uwar take sauka ta shayar da ita, sai wajen sha ɗaya da rabi take komawa. Agogo ce yarinyar nan."

Sufeto ya dubi agogon bango. Goma da minti talatin da biyu. Ya ji kunya ta kama shi, irin wadda ya ɗauka ya daɗe da wuce shekarunta.

Ya sa Sajan ta kai jaririyar wurin uwarta, ya ba su lokaci, sannan ya shiga. Mai Taska tana zaune a kan benci ta lulluɓe yarinyar da mayafi.

"Kin yi min ƙarya jiya."

Ta sunkuyar da kai.

"Ranar Talata goma da rabi kina ƙasa kina shayarwa. Masu reno za su shaida. Me ya sa kika zaɓi bayan kanta a kan faɗin gaskiya?"

"In na ce ina ƙasa, za ku tambaye ni ina makullin."

"Ina makullin?"

"A jikin kwamfuta." Muryarta ta yi ƙasa. "In na zare shi duk aikin da na sa yana tsayawa, in na dawo sai in faro daga farko. Ga yarinyar tana jan igiyar tana sa shi a baki. Wata uku ke nan ina barinsa. Na san kora ce, Yallaɓai. Na ɗauka in na yi shiru za ku gano wani ne daga waje, in tsira da aikina."

"Wa ya san kina barinsa?"

"Ba kowa. Baba ne kawai, shi nake ce wa ya duba min teburin."

"Dogo fa?"

"Ƙila ya lura. Amma kada ka sa Baba a ciki. Shi ya ɗauke ni aiki. Shi ya koya min komai, har yadda ake murɗa waya. Ranar sunan yarinyar nan shi ya fara zuwa."

Sufeto ya miƙe. Maganarta ta cire ta daga teburin, amma ba ta cire sunanta daga rajista ba. Shugaban ofis zai ce ta bar makullin ne da gangan don abokin cin mushenta. In ba a sami hannun da ya danna ba, gobe sha biyu ita za a tsayar gaban alƙali.

Bayan azahar ya sake hawa matakalar nan, yana hutawa a kowane hawa. Sajan ta tsaya wurin mai gadi ta duba littafin shige da fice, ta same shi a hawa na biyu yana riƙe da gwiwa.

"Yallaɓai, Dogo ya fita goma saura minti biyar ranar Talata. Sai sha biyu da kwata ya dawo."

"Kowa a ginin nan maƙaryaci ne," in ji Sufeto. "Har na'urar hawan, an rubuta mata *ana gyara*."

Suka kira Dogo ɗakin taro. Da ya ga littafin mai gadi sai tsawonsa ya ragu.

"Ina ka je?"

"Ganawar neman aiki, Yallaɓai. A wani kamfani. Don girman Allah kada Manaja ya ji."

"Za su shaida?"

"Mutum uku ne suka yi min tambayoyi. Ga lambarsu."

Sajan ta fita ta kira, ta dawo ta gyaɗa kai. Sufeto ya baza takardu huɗun a kan tebur.

"Tunda ka ɓata min kwana guda, biya ni. Karanta min wannan, ka gaya min abin da idona bai gani ba."

Dogo ya bi layukan da yatsa. Can sai ya ɗaure fuska.

"Wannan ba aikinta ba ne."

"Don me?"

"Minti hamsin da biyu. Ita tana da rubutaccen umarni, layi ɗaya take bugawa, inji ya ginu, taska ta ɗora masa takarda, duka cikin minti uku. Ni ma da shi nake aiki. Wannan kuwa da hannu aka yi, shafi bayan shafi, ana dannawa ana komawa baya. Duba nan, sau biyu ya yi kuskuren ba da izini. Wanda ya yi ya san injuna sarai, amma gajimare baƙonsa ne."

"Wannan gurbin fa?" Sufeto ya nuna wani wuri da lambobin suka yi tsalle.

"Sha ɗaya daidai ya tsaya. Bai taɓa komai ba sai sha ɗaya da minti goma sha shida."

"Injin ne ya sa shi jira?"

"A'a. Babu abin jira a wurin. Yana tsakiyar aiki ne ma, ga makullin wata a hannunsa, kowane lokaci za ta iya dawowa. Ni dai in ni ne ko tari ba zan tsaya yi ba."

Sufeto ya ninke takardun. Ɓarawon da ke sauri ba ya hutun kwata guda sai in abin da ya tsayar da shi ya fi ƙarfinsa.

Ya leƙa ɗakin tsofaffin injuna kafin ya tafi. Ɗaki ne mai sanyi a ƙarshen baranda, da dogayen akwatunan ƙarfe guda shida. Biyar babu komai a cikinsu sai ƙura da guntayen waya. Ɗaya ne kawai ke da inji mai ƙyafta koren haske. Kowace waya an ɗaure ta da kyau an manna mata 'yar takarda da rubutun hannu. A kusurwa akwai akwatin ƙarfe mai lambobi, ƙofarsa a buɗe, cikinsa wayam.

Manaja ya biyo shi.

"Me ake ajiyewa a nan?"

"Dā a nan mabuɗan suke. Baba ke riƙe da lambar. Da muka koma gajimare bara sai aka mayar da su taska."

"Ɗakin fa?"

"Za a mai da shi sito."

"Baban fa?"

Manaja ya gyara tayensa.

"Jiya ka ce min ba wanda za a sallama."

"Ba sallama ba ce, Yallaɓai, hutu ne. Ƙarshen wata. Mun ma shirya masa 'yar walima."

"Ya sani?"

"Na gaya masa ranar Litinin."

"Me ya ce?"

"Abin da ya saba faɗa. Wai mun ɗauki mabuɗin gidanmu mun ba wanda ba mu taɓa gani ba, wata rana za mu tuna da shi."

Baba ya riga ya tashi, an ce ya je asibiti. Sufeto ya tsaya a teburinsa. Komai a jere: biro uku, ɗan sukurdireba, kalandar tebur da aka zagaye wasu ranaku da jan biro. A bayan kalandar akwai wata 'yar kwalba mai shuɗin murfi. Sufeto bai ɗauka ba, bai buƙaci karanta sunan ba. Ya sa hannu a aljihunsa ya taɓa tasa.

Ranar Juma'a ya iso sha ɗaya saura kwata. Ya sami Baba a ɗakin tsofaffin injuna, zaune kan wata kujera mara baya, yana goge akwatin da babu komai a cikinsa. Sajan ta tsaya a bakin ƙofa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu Yallaɓai. Yaya 'yata?"

"Tana nan. Sha biyu za a kai ta kotu."

Tsumman ya tsaya a hannun dattijon, sannan ya ci gaba da gogewa.

Sufeto ya jawo wani kwali ya zauna. Ya tambaye shi shekara nawa ya yi a nan. Sha tara. Ya tambaye shi injin da ya rage na mene ne. Baba ya ce na wani tsohon ɗakin gwaji ne da na'urarsu ba ta jituwa da gajimare, shi kaɗai ne har yanzu ake ɗora wa takarda da hannu. Ya yi bayanin da daɗi, har fuskarsa ta saki. Sufeto ya bar shi yana magana, yana satar kallon agogo.

Sha ɗaya daidai agogon hannun Baba ya yi ƙara. Ko tunani bai yi ba. Ya ciro kwalbar daga aljihun gaba, ya ɗaga kai, ya ɗiga a dama, ya ɗiga a hagu, ya runtse ido yana cije leɓe.

"Hawan jinin ido?" in ji Sufeto.

"Shekara shida ke nan."

"Ni huɗu. Nawa ƙarfe tara ne. Likitanka ma ya ce in ka tsallake lokaci abin da ya tafi ba ya dawowa?"

"Haka ya ce."

"Minti nawa yake ɗauka kafin ka iya karanta allo?"

"Kwata. Wani lokaci ya ɗan ɗara."

"Ranar Talata minti goma sha shida ya ɗauka."

Baba bai buɗe ido ba. Ruwa yana gangarowa ta gefen hancinsa, kuma Sufeto ya san maganin yana sa haka, don haka bai yanke hukunci a kan ko mene ne ba.

"Rajistar ta nuna?" in ji Baba.

"Ta nuna ka fara goma da talatin da huɗu, minti huɗu bayan ta sauka. Ta nuna ka yi da hannu. Ta nuna inda ka tsaya."

"Na goge injin."

"Ka goge."

"A ɗakin nan in na goge abu ya gogu. Rajista a cikin injin take zama, in ya tafi ta tafi. Ban san can suna ajiye tasu daban ba, inda hannu ba ya kaiwa." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Shekara guda 'yata tana cewa, Baba zo in nuna maka. Ina cewa me yarinya za ta nuna min."

"Wa ka ba mabuɗin?"

"Ba kowa. Kwafi ɗaya ne, shi ne a ambulan. Ni ba ɓarawo ba ne, Yallaɓai."

"To mene ne kai?"

"So nake yaron nan, Manaja, ya tsorata. Ya ga abin da suke taƙama da shi ana iya shigarsa. Ya zo nan ya ce, Baba buɗe akwatinka mu mayar. Shekara sha tara mabuɗi bai taɓa fita daga hannuna ba. Ranar Litinin ya kira ni yana min maganar walima. Na ɗauka ba sunan kowa zai fito. Wallahi da na san nata zai fito da ban taɓa ba."

"Na yarda. Amma ya fito tun Laraba da safe. A gabanka aka tafi da ita, kai ta ba saƙon 'yarta. Yau Juma'a."

Wannan ce tambayar da Sufeto ya hawo bene uku don ya yi, kuma ya san rabinta tasa ce, tunda shi ya sa hannu.

"Kullum da safe sai in sa riga in ce yau zan je in faɗa," in ji Baba. "Sai in zo nan in zauna. Na kasa tsayawa gabanta, shi ke nan. Ba ni da wani dalili."

Sajan ta ciro ankwa. Sufeto ya girgiza mata kai.

"Bari idonsa ya washe. Matakala ce a gabanmu."

Suka jira su uku har kwatan ya cika. Baba ya buɗe ido, ya ninke tsumman, ya rufe ƙofar akwatin ƙarfen duk da babu komai a ciki. Ya sa hannu a bayaninsa a kan teburin taro. Manaja ya tsaya daga nesa, ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa.

Sha biyu saura minti goma suka isa ofis. Sufeto ya shiga wurin shugaba da fayil, ya fito da takardar saki. Shugaban bai ce sannu ba, ya dai tambaya ko an buɗe shafin.

Ana fito da Mai Taska ana shigar da Baba, suka haɗu a gaban kanta. Tana goye da yarinyar, mijinta yana riƙe da jaka. Sajan ta riga ta gaya mata. Ta tsaya tana kallonsa kamar tana neman wani a fuskarsa.

"'Yata," in ji Baba. Ya buɗe baki, abin da ya shirya bai fito ba. Abin da ya fito shi ne, "Takardar tsohon injin nan, ranar Litinin take ƙarewa. Ba ta cikin taska. In ba a sabunta ba ɗakin gwajin zai tsaya."

"Na sani. Na zagaye ranar da jan biro, yadda ka koya min." Ta gyara goyonta. "Sai dai ban san ko ina da aiki ranar Litinin ba. Manaja ya san na bar makulli."

"Ki yafe..."

"Ka rubuta musu taska a buɗe take. Ba a buɗe take ba, Baba. Ni na bar maka ita, don kai ne."

Ta juya. Mijinta ya riƙe mata ƙofa, suka fita cikin rana. Ba ta waiwayo ba, yarinyar ce kawai ta juyo da kai daga bayanta tana kallon dattijon har ƙofar ta rufe.

Kofur ɗin kanta ya fara karɓar kaya yana rubutawa: agogo ɗaya, bel ɗaya, sukurdireba ɗaya. Ya miƙa hannu ga 'yar kwalbar mai shuɗin murfi.

"Bar masa wannan," in ji Sufeto.

"Yallaɓai, doka ta ce..."

"Na san abin da ta ce. Ka karɓe masa agogo, don haka kai ne agogonsa. Sha ɗaya na safe, sha ɗaya na dare, ka buga masa ƙofa. In ka tashi ka gaya wa mai karɓarka."

Aka wuce da Baba ciki. Sufeto ya koma teburinsa ya zauna, ya miƙe ƙafar hagu a hankali. Ya sa hannu a aljihu don ya ciro biro sai ya ci karo da tasa kwalbar, a nan ya tuna ƙarfe tara ta wuce yau bai ɗiga ba. Ya buɗe murfin, ya jingina kai. Wayar teburin ta fara ƙara, ya rufe ido ya bar ta tana yi.